Kukoki Biyar a Gonar Mutane

Sani ne ya sa na zauna rubuta wannan. Bara da kaka ya tafi ɗiban ganyen kuka a gonar nan ta hanyar Tsauni, ya tarar da jikan Malam Kyari yana cirar gyaɗa, magana ta haɗa su, har Sani ya ce masa wai gonar ma ta kakanmu ce, ƙwace ta aka yi. Maganar ta riga shi isowa gida. Ban yi masa faɗa ba, domin laifin nawa ne. Ku ƴaƴana kun tashi kun ga muna ɗiban kuka a gonar da ba mu nomawa, ban taɓa zaunar da ku na gaya muku dalili ba, kowa ya ɗinka nasa labari. Yanzu da Allah ya nufa na koyi riƙe alƙalami a ajin yaƙi da jahilci, da furfura a gemuna, zan ajiye muku maganar yadda take, don kada in mutu ku gaji faɗan da ba shi da tushe.

Gonar ta Baba ce, kakanku Hasan, Allah ya ji ƙansa. Shi ya gada, shi ya noma ta shekara da shekaru. Amma kukoki biyar da ke cikinta ba nasa ba ne, na Inna ne, kakarku Ramatu. A nan ƙasar, wanda ya dasa itace shi ke da shi, ko da ƙasar ta wani ce. Duk haihuwar da Inna ta yi, in ta gama wanka, sai ta samo ɗan dashen kuka ta kai gona ta dasa, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Biyar ta haifa, biyar ta dasa. Mu biyu muka rayu, ni da ƙanwata Zuwai. Audu ƙyanda ta ɗauke shi yana tafiya. Laraba zazzaɓi. Na ƙarshen bai ma kai ranar suna ba, amma duk da haka sai da ta dasa tasa. Tana kiran kowace kuka da sunan mai ita, ban da tawa. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunana ba har ta koma ga Allah, saboda alkunya. In za ta kira ni sai ta ce "kai", in za ta yi maganata da wani sai ta ce "wancan". Kukata kuwa, da yake ita ce a gefen da ake wucewa, sai ta riƙa ce mata "ta bakin hanya".

Shekarar da nake ba ku labari, ina saurayi, an fara maganar aurena. Shekara biyu kafin nan fara ta sauka mana a daidai lokacin da gero ya fitar da kai, ta cinye shi tas, har ɓawon kara ba ta bari ba. Turawan Faransa ba su daɗe da kama ƙasa ba, kuma lanhonsu, wato harajin kai, bai san fara ba. Ba su karɓar kuɗin wuri, ba su karɓar zane, sai tamma da dala tsaba. Baba ya rasa yadda zai yi da lanho da bakin mutum huɗu, ya tafi wurin Malam Kyari, wani fatake mutumin Damagaram da ke zaune nan Matameye yana sayen fatu da ƙiraga. Ya ranto dala sittin, ya jinginar da gonar. Suka yi sharaɗi gaban shaidu: kaka biyu. In ba a biya ba, za a yi wa gona kuɗi, Malam Kyari ya riƙe ta a bakin abin da ta kai. Kakar farko ruwa ya ɗauke da wuri. Ta biyu ciwon ƙirji ya kwantar da Baba, ni kuwa gardi, wato dogaran Turawa, suka zo suka kwashe mu samari zuwa aikin hanyar Damagaram, muna fasa dutse muna ɗaukar ƙasa a kai. Ina can aka yi wa gona kuɗi. Abin da ya iso mini a bakin wani mai jaki kalma uku ce kawai: an karɓe gonarku. Na yi baƙin ciki, amma a raina na ce to, gona ta tafi, bashi ya tafi, Baba ya huta.

Ranar da aka sallame mu na iso gari da hantsi, na tarar da mutane a ƙofar gidanmu. Baba ya cika da asuba. Ko ruwa ban sha ba aka fito da shi, aka ajiye makara, aka tsaya sahu. Kun san al'adarmu: kafin a sallaci mamaci liman yakan juyo ya tambayi jama'a, domin an ce ran mutum a rataye yake muddin akwai haƙƙin wani a kansa. Liman ya juyo ya ce:

"Jama'a, akwai mai bin Hasan wani abu? In akwai ya faɗa tun yana gabanmu. Kuma wa ke ɗaukar masa?"

Na hangi Malam Kyari a sahu na biyu ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki, ya sake rufewa. Ni kuwa jinina na tafasa. Ina ganin ga mutumin da ya ci gonarmu, bari in nuna masa Hasan ya bar namiji. Na ji Kawu Barmo, ƙanen Inna, yana jan gefen rigata ta baya. Na fizge. Na ɗaga murya yadda na bayan sahu zai ji:

"Duk abin da ake bin Baba, kaɗan ko da yawa, ni Idi na ɗauka. Ya sauka daga wuyansa ya hau nawa."

Liman ya ce, "Kun ji, jama'a?" Aka ce, "Mun ji, mun shaida." Kawu Barmo ya matso ya ce a hankali, "Shi ke nan, ka yanka kanka da wuƙar aro."

Malam Kyari ya jira sai bayan sadakar bakwai. Ya zo da la'asar, ya yi sallama, na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kullum da goro a kumatu. Ya yi gaisuwa doguwa, ya yi addu'a, sannan ya ce:

"Ɗana, na zo ne kan sauran."

"Sauran me, Malam?"

"Ba a gaya maka ba? Dala sittin Hasan ya karɓa. Dattawa uku suka taka gonar, suka yi mata kuɗi dala talatin da takwas. Saura ashirin da biyu."

Na ce, "Malam, ka ci gona, kuma ka biyo mu? Wane irin ciki ne da kai?"

Bai yi fushi ba. Ya tofar da goro ya ce, "Irin naka ne, ɗana, bashi hanji ne. Kuɗin nan ba a gonata suka tsiro ba, na kantin Turawa ne a Damagaram, su kuwa ba su san ta'aziyya ba. Bana kowa gona yake sayarwa, ba mai saye. Kuma wa zai ba da kuɗin kirki a gonar da itacen cikinta na wata ne, ana shigo masa ana fita?"

Dala ashirin da biyu a wancan zamani kuɗin jakai biyu ne da ɗoriya. Abin da Baba ya bari kuwa, hauya biyu ne, da riga, da akuya, da rumbun da ɓera ma ya yi ƙaura daga cikinsa. Na ce ban yarda ba sai mun je gaban alƙali. Muka taka har Kance ranar kasuwa, ni da shi da Kawu Barmo da shaidu. Alƙali ya saurari kowa, sannan ya yi mini bayani kamar mai koya wa yaro ɗaurin wando. Ya ce jingina ba biya ba ce, riƙo ce. In kuɗin abin da aka jinginar ya haura bashi, a mayar wa mai shi da rarar. In ya gaza, sauran yana nan a kan mai cin bashi, mai bi yana da haƙƙin nemansa. Ya ce da mai bashi ya mutu, sai a biya daga abin da ya bari, in dukiyar ta ƙare magada ba su da tilas. Zuciyata ta yi sanyi, na fara murmushi. Sai ya dube ni ya ce:

"Kai ne ka yi magana a kan makara?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Wani ya matsa maka?"

"Babu."

Kawu Barmo ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ma ja na yi, rigarsa ga ta nan ta yage."

Mutane suka yi dariya, alƙali bai yi ba. Ya ce, "To, da ka yi shiru, da hauya da akuya kawai Kyari zai samu, sauran ya jira ranar gobe ƙiyama ko ya yafe. Amma ka yi lamuni gaban jama'a, da bakinka. Yanzu ba Hasan ake bi ba, kai ake bi."

A hanyar dawowa Malam Kyari ya rage tafiya har na cim masa. Ya ce yana da shawara mai sauƙi. A bar masa kukokin nan biyar, ya sare su, ya shuka gyaɗa daga iyaka zuwa iyaka, tun da gyaɗa Turawa ke saye kuma ba ta son inuwa. In an yarda, ya yafe dala ashirin da biyu a take, gaban liman. Na ce masa ba nawa ba ne. Ya ce ya sani, shi ya sa ya ce in je in yi shawara da mai su.

Gidanmu ya cika da murya kwana uku. Kawu Barmo shi hanyarsa ɗaya ce. Yana zaune kan turmi yana kaɗa ƙafa yana cewa:

"Kai, ƙasar Ingilishi ga ta nan, in ka fita da hantsi ka yi la'asar a can. Mutum nawa suka tsere wa lanho suka zauna lafiya? Ka je ka yi shekara biyar, Kyari ya gaji ya manta. Zai bi ka Daura da sandarsa ne?"

Zuwai ta ce, "Kawu, in ya tafi wa zai noma mana?"

"Noma me? Gonar da babu? Sai dai ya noma tsakar gida."

A rana ta uku Inna ta sa baki. Tana tankaɗen garin kuka a gindin rumbu, ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Kai, je ka gaya wa Kyari ya kawo gatarinsa."

Na ce, "Inna, har ta Audu? Har ta Laraba?"

Ta ce, "Waɗannan sun riga sun tafi. Itace ne. Ba zan riƙe itace in saki mai rai ba."

Ta faɗi haka muryarta ba ta yi rawa ba, amma na ga rariyar ta tsaya a hannunta, gari ya daina zuba. Ni na san abin da ban gaya wa kowa ba. Tun ina ƙarami nakan ga in ta kai mana abinci gona, takan bi ta gindin ƙaramar kukar nan ta wanda bai kai suna ba, ta ɗan dafa ta, ta wuce kamar ba ta yi komai ba. Ba ta san kabarinsa ba, maza ne suka kai shi. Kukar nan ita ce abin da take da shi. Na zauna na auna. In na gudu, maganar da na yi a kan makarar Baba ta zama iska, bashi ya koma inda na ɗauko shi. In na ba da kukoki, na biya wautar bakina da ƴaƴan Inna. Hanya ta uku ita ce mai tsawo, ita kaɗai ce kuma tawa.

Da safe na tafi gidan Malam Kyari, na same shi yana duba fatun da aka shanya. Na ce:

"Malam, kukoki ba na sayarwa ba ne. Ni ma ba mai gudu ba ne. Ka ba ni aiki, ka riƙa cirewa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ka san warin ƙirgi? Masu kora mini jakai ba su wuce rani ɗaya."

"Wanda ya fasa wa Nasara dutse kyauta, ai ɗaukar fata da lada hutu ne."

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Muka je gaban liman. Ni ban iya karatu ba, ban kuma yarda a rubuta abin da ba zan iya gani da idona ba, an riga an cije ni sau ɗaya. Sai na murza igiya biyu da ɓawon kuka, na ƙulla ƙulli ashirin da biyu a kowace. Ɗaya a wurin liman, ɗaya a wurina. Duk dalar da ta shiga hannun Malam Kyari, mu uku za mu zauna a kwance ƙulli ɗaya a nan, ɗaya a can. Na kuma nemi sharaɗi guda: kukoki na Inna ne, da mu da zuriyarmu muna da hanyar shiga ɗiban ganye, ba mai hana mu, mu kuma ba za mu taka shuka ba. Malam Kyari ya ce ai haka al'ada take tun kafin a haife mu duka, amma tun da ina so a faɗa, ya faɗa gaban liman.

Rani uku na yi ina kora jakansa zuwa Damagaram, kwana uku zuwa, kwana uku dawowa, da ƙiraga a ɗaure har sun fi jakin tsawo. Wari ya kama jikina yadda ko na yi wanka da toka ba ya fita. Samarin gari suka sa mini suna Idi Angulu, in na doso dandali sai su toshe hanci suna cewa a duba ko wani abu ya mutu. Da damina ina yin ƙodago a gonakin mutane, har da gonar Baba, ina noma ta a kan lada, ina bin kunyoyin da na sani tun ina rarrafe. Wannan ya fi warin fata ciwo, amma ban bari an gani a fuskata ba. Da kaka kuwa in kafa turaku a jikin kukoki in hau in sassabo ganye, Inna da Zuwai su shanya a inuwa don kada ya yi ja, su daka, in ɗauka a kai zuwa kasuwar Dungu da ta Tsauni. Rabin kuɗin mu ci, mu biya lanho, rabin ya tafi ga igiya. Akwai shekarar da ƙulli huɗu kaɗai muka kwance. Akwai ranar da jaki ya faɗi a rafi fatu suka jiƙe, na zaci za a ƙara mini ƙulli, Malam Kyari ya ce jakinsa ne ya faɗi, ba ni ba. Ku riƙe wannan ma, domin yana cikin gaskiyar.

Abin da ya ci mini, ba zan ɓoye muku ba. Yarinyar da aka fara mana magana ta jira shekara guda, ta aiko mini da cewa ita ba ta ƙi ni ba, amma ba za ta tsufa tana ƙirga ƙulli ba. Ta yi aurenta a Kance, ban riƙe ta a zuciya ba. Sa'o'ina duk suka yi iyali suka bar ni. Ban yi aure ba sai da na kusa talatin, shi ya sa kuka ga ubanku ya girmi iyayen abokanku. Bayana kuma da kuke ji ina kuka da shi in sanyi ya shigo, a hanyar Damagaram na samo shi. Kawu Barmo har ya rasu yana ce mini mai taurin kai, ko da yake a shekara ta uku shi ya kawo mini dala guda a ƙulle cikin tsumma, ya ce kada in gaya wa kowa, kada a ce ya tuba.

Ƙulli na ƙarshe ranar Juma'a aka kwance shi, bayan an sauko. Na roƙi liman kada a yi shi a zaure, a yi a ƙofar masallaci, gaban mutanen da suka ce sun ji sun shaida. Na miƙa dalar, liman ya kwance nasa, na kwance nawa, igiya biyu suka miƙe sumul. Malam Kyari ya tashi tsaye ya ce:

"Jama'a, ba na bin Hasan, ba na bin ɗan Hasan, duniya da lahira."

Sannan ya juyo ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Da na san haka kake, da ranar jana'iza na bar bakina a buɗe, mu ga ko za ka fasa."

Na ce, "Da ka buɗe shi na ji yawan bashin, Malam, da ka rage mini tafiya."

Ya ce, "A'a. Da ka faɗa duk da haka. Na ga idonka."

Ban sani ba ko gaskiyarsa ne. Na dai naɗe igiyata na nufi gida. Na tarar da Inna a gindin rumbu, inda take kullum. Na durƙusa na ajiye igiyar a gabanta. Ta ɗauka, ta bi ta da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, tana neman ƙulli, ba ta samu ba. Na jira in ji ko yau ɗaya za ta kama sunana. Ba ta kama ba. Ta dubi Zuwai, ba ni ba, ta ce:

"Ke, kin lura kuwa? Ta bakin hanya ta yi ganye bana. Duk ta fi su."

Ta tashi ta shige ɗaki da igiyar a hannunta.

To, Sani, da kai da ƙannenka, ga maganar. Ba a ƙwace mana gona ba. An ranta, an kasa biya, an yi mata kuɗi, ta gaza, na ɗauki sauran da bakina, na biya da bayana. Gonar ta jikokin Malam Kyari ce halal, ko taki ɗaya ba mu da shi a ciki. Kukokin namu ne, su biyar, kuma kowace da sunanta: ta Zuwai, ta Audu, ta Laraba, ta bakin hanya, da ƙaramar can ta kusurwar gabas wadda yanzu ta fi su duka kauri. Igiyar tana cikin akwatina, ƙarƙashin rigar Baba. Gobe in Allah ya kai mu, kai Sani za ka ɗauki ƙwaryar garin kuka ka kai gidansu jikan nan na Malam Kyari, ka ba shi haƙuri. In kaka ta zo kuma ka shiga ɗiban ganye, ka yi sallama daga bakin gona, ka bi ta kan iyaka, kada ka taka musu gyaɗa.